Injin da Ke Shan Ruwan Unguwa

Asabar, 2 ga Maris, 1985

Yau ma injin ya tafasa ruwa tun rana ba ta kai tsaka ba. Na kashe shi na zauna bakin ƙofa, mata na tsaye da ƙoransu suna kallona kamar ni na ƙara wa ranar zafi. Masarar taimakon nan da aka raba a buro, ofishin gwamnati, tauri gare ta kamar tsakuwa. Turmi ba ya cin ta, hannuwan ma babu ƙarfin dakan. Kowa injin niƙa ya nufa, kuma namu kaɗai ke tashi a wannan ɓangaren na Gazawa.

Namu na ce. Na maigidana Baban Shatu ne. Da damina ta ƙi, ya tsallaka kudu neman aiki, ya ce ba zai daɗe ba. Iyaka a rufe take, ta daji ake bi, labari ma sai an yi sa'a. Abin da ya nuna mini kafin ya tafi bai da yawa: yadda ake juya hannu a tayar da inji, inda ake zuba mansa, gazuwal, sannan in ruwan tano, durom ɗin da ke sanyaya inji, ya yi zafi a kwashe a zuba mai sanyi. A lokacin ruwa bai zama abin magana ba.

'Yata Shatu ta bar ragowar kayen lakol, littafin rubutunta na makaranta, shi na ɗauka nake rubutu. Akwai abubuwan da ba ni da wanda zan gaya wa.

Talata, 5 ga Maris

Dija ta zo a makare. Bafulatana ce, ita da mijinta Sajo sun sauka bayan gari tun da shanunsu suka ƙare a hanya. Jaki ɗaya ya rage musu, da shi take ɗebo mini ruwan inji daga babbar rijiya, ni kuma in auna mata gari da yamma.

Ta ce an sake ƙara wa igiya tsawo, guga na fitowa rabi, rabin ma da laka. Ta ce a bakin rijiya wata ta ce mata, mutane na jira tun asuba ke kina kai wa ƙarfe. Ba ta faɗi ko wace ce ba, ni ma ban tambaya ba. Ƙila tana cikin waɗanda na yi wa niƙa yau.

Ba ƙarya ta yi ba. Ruwan da nake kwashewa daga tano ja ne, tsatsa da maiƙo, akuya ma sunsunawa take ta wuce.

Jumma'a, 8 ga Maris

Mai gari ya aiko kirana. Na tafi da Yaya Buba, wan Baban Shatu, da ya zo daga Gidan Rumji duba mu.

Mai gari bai yi faɗa ba, da ma ya yi faɗan. A hankali ya ce ƙorafi ya yi yawa. Ya san mutane na bukatar gari, amma gari ba ya haɗiyuwa babu ruwa. Ya ba ni zuwa tsakiyar watan gobe, ko in rage ruwan da inji ke ci, ko a rufe shi sai ruwa ya sauka.

A hanya Yaya Buba ya ce a sayar da injin kawai in koma ɗakina, dama tsayuwar mace cikin ƙarafa ba tsari ba ne. In an sayar me za mu ci, ni da Shatu? Shi kansa lambunsa ya bushe.

Lahadi, 10 ga Maris

Na je tasha wurin Ɗanlami makanike, abokin Baban Shatu ne tun suna yara. Yana ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai nake gani, a haka na gaya masa komai. Ya fito yana goge hannu.

“Maman Shatu, kin taɓa ganin direba na zubar da ruwan motarsa a hanya? Ruwa ɗaya ne ke zagayawa. Ya ɗauki zafi a inji, ya je ya huce, ya dawo.”

Ya nuna mini abin da ruwan ke hucewa a ciki, lagireto yake ce masa, don a Katsina ya koyi aiki. Yana da guda na wani kamyo, babbar motar kaya, da ya mutu a hanyar Tasawa, da fankarsa. Ya ce in ɗauka. Abin da babu shi ne famfon da zai riƙa tura ruwan yana zagayawa, na kamyon ya tsage. Ya ce famfon kuwa shi ne zancen duka.

Na dawo gida da sauri ban san dalili ba. Har na yi wa Shatu wasa.

Laraba, 13 ga Maris

Niƙa kaɗan, jira da yawa. Wata tsohuwa ta zauna tun hantsi da tiya ɗaya ta masara a ɗaure a gefen zane, sai bayan la'asar na kai gare ta.

Litinin, 18 ga Maris

Yaya Buba ya dawo, kuma ba hannu sake ba. Ashe da ya koma gida maganar ta tsaya masa. Ya kwance famfon lambunsa na bakin gulbi, wanda ya yi shekaru yana shayar da albasa da shi, ya ɗoro a mota har nan. Mutum biyu suka sauke shi. Ya ce tunda na ƙi jin magana, to ga wannan, in dai tura ruwa ne ba a yi na biyunsa ba.

Na yi masa godiya. Mutumin da ya ce a sayar.

Ɗanlami ya zo ya zagaya famfon, ya sosa ƙeya, ya ce da girma kam, amma a gwada. Ni ma a raina babban nake so. Ina ganin zafin nan mai yawa ne, sai abu mai ƙarfi.

Alhamis, 21 ga Maris



Jiya da shekaranjiya Ɗanlami da Yaya Buba suka yi ta haɗi. An kafe lagireto a waje jikin icen bedi don ya sha iska, aka jawo tiyo ta taga, aka ɗaura famfon da bel a jikin inji. Yau da safe Dija ta kawo ruwa aka cika. Na juya hannu, inji ya tashi, amma muryarsa ba tasa ba ce, nishi yake kamar an ɗora masa kaya. Da na zuba masara sai hayaƙi ya yi baƙi, garin na fita a daddafe. Yaya Buba na cewa sabo ne zai yi.

Mun ɗan jima a haka. Ruwa ya yi zafi, tiyo ya kumbura yana motsi, ina ganinsa da idona amma ban san abin da nake gani ba. Sai ya fizge daga bakin lagireto. Dija na tsaye wurin tana kwance wa jaki kaya. Ruwan ya same ta a ƙwauri.

Ba ta yi kuka ba, zama kawai ta yi a ƙasa ta riƙe ƙafar. Na kashe inji na kai ta likita, aka shafa mata magani aka ɗaure. Sun ce fata ce ta sama, za ta warke.

Da muka dawo ƙasa ta shanye ruwan tas, sai danshi. Lagireton ma ya buɗe a gefe. Yaya Buba na zaune kan turmi yana kallon famfonsa.

Jumma'a, 22 ga Maris

Ban tayar da inji ba.

Lahadi, 24 ga Maris

Na kai wa Dija gari a masaukinsu. Bukkar kara da tsumma, ƙoren nono a jere a kife, an wanke su fes ko da yake babu abin zubawa. Na fara ba ta haƙuri ta katse ni, ta ce ƙaho ya sha huda ta fiye da haka. Abin da ya dame ta shi ne yaushe za a koma aiki. Sajo zai riƙa kai jakin rijiya kafin ta miƙe.

Mun maida tsohon tano, ana niƙa da safe kawai.

Talata, 26 ga Maris

Na sami Ɗanlami yana liƙe lagireto da dalma. Na tsuguna na leƙa ciki ta bakin. Ashe hanyoyin ruwan sirara ne ƙwarai, kamar ramin karan dawa, jere da yawa. Na ce masa, to famfon da aka yi don ya cika kwamin lambu, ta ina ruwansa zai bi a nan?

Ya ajiye ƙarfen hannunsa. Ya ce tun ranar farko zuciyarsa ba ta kwanta ba, amma ya ji nauyin Yaya Buba, mutum ya ɗauko abu tun daga Gidan Rumji. Raina ya ɓaci. Na ce, “Ɗanlami, daga yau in ka ga abu ka faɗa mini ni. Ƙafar mutum ce ta ƙone.” Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya ce ya ji.

Daga nan ya zauna ya yi mini bayani sosai, ni kuma na yi ta tambaya ba kunya. Ga abin da na gane, in rubuta kar in manta. Famfon lambu ruwan sanyi ya sani, aikinsa ya ɗago shi daga rami ya watsa. Namu ba ɗagowa zai yi ba, ruwan na cikin hanya a rufe, abin da ya hau shi zai sauko, turi kaɗan yake so amma ba tsayawa. Dole ya jure ruwan zafi. Dole bakinsa ya yi daidai da na lagireto. Kuma duk ƙarfin da famfo ya ci, daga bakin niƙa ya ɗebe shi, shi ya sa inji ke nishi ran nan.

Ya ce irin wannan sai Maradi, wurin masu kwance tsofaffin motoci.

Alhamis, 28 ga Maris

Na fitar da kwanonin jerena. Tun da aka kawo ni gidan nan ban ci abinci a cikinsu ba, ado ne kawai. Batulu dillaliya ta tafi da su. Bangon ɗakin ya yi wani iri, Shatu ta shigo ta tsaya tana kallo, ta fita.

Asabar, 30 ga Maris

Maradi. Ɗanlami bai samu zuwa ba, an kawo masa motar buro, sai Yaya Buba ya raka ni. Kafin in fita na auna bakin lagireto da zare na ƙulla, na yanki guntun tiyo na sa a jaka.

A hanya na ga abin da nake ji a baki. Ƙauyuka babu hayaƙi, mutane bakin titi da tabarmi a ka suna tafiya kudu. Bayan garin Age wata mata ta ɗaga wa motarmu hannu, ba tsayar da mu take ba, buta take nunawa. Direba ya tsaya ya ba ta nasa. Allah ya saka masa.

Wurin masu ƙarafa ni kaɗai ce mace. Wani ya fito da famfo sabo fil, ja, yana sheƙi, ya ce na wani aikin Turawa ne da aka tashi, ba ya ƙara, ba ya yoyo. Yaya Buba ya ɗauka yana jujjuyawa, ni ma ya shiga raina. Sai na ga waya na reto a jikinsa. Na ce da lantarki yake aiki? Ya ce e. Na ce unguwarmu fitilar kwai muke kunnawa. Ya yi dariya ya mayar.

Aka zube mini na motoci a ƙasa. Na yi yadda Ɗanlami ya ce: in juya da hannu in saurara, in ya yi ƙarar yashi in ajiye, in girgiza sandar tsakiya, in tana lilo in ajiye, in duba ramin ƙasa ko akwai sawun tsatsar yoyo. Na ajiye da yawa. Na ƙananan motoci bakinsu bai cika zaren ba. Na manyan tirela sun wuce shi. Can ƙasan tulin na sami wani na ƙaramin kamyo, baƙi, duk maiƙo, ba shi da kyan gani ko kaɗan. Yana juyawa shiru. Na sa guntun tiyo ya shige cif.

Yaya Buba ya ce wannan ɗan abin? Hannu ɗaya fa ake ɗaukarsa.

Na ce, “Shi nake so, Yaya.”

Ya dube ni, ya dubi famfon, ya juya ya fara ciniki. Ya iya ciniki kam, har mai kayan ya ce ko shi ma dillali ne.

A cinya na riƙo shi har gida, zanena ya ɓaci.

Laraba, 3 ga Afrilu

An haɗa. Bakin famfon na baya a buɗe yake tunda a jikin mota aka yi shi ya zauna, sai da Ɗanlami ya yanka masa faranti ya rufe. Na hana kowa tsayawa kusa da tiyo.

Babu abin da ya fashe. Inji ya dawo da muryarsa, gari na zuba yadda ya kamata. Na fara murna. Amma kafin azahar kan inji ya yi zafin da tofin yawu ke ƙonewa, dole na kashe. Na taɓa tiyon sama, wuta. Na taɓa na ƙasa, sanyi kamar randa. Ruwan ba ya tafiya ke nan, ko yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa.

Ɗanlami ya ce a bari ya yi tunani. Ni dai na shiga ɗaki na kwanta da rana tsaka ina kallon inda kwanonin suke da. Ko Yaya Buba ne da gaskiya, ya yi ƙanƙanta?

Alhamis, 4 ga Afrilu

Da safe, kafin komai ya yi zafi, na sa Ɗanlami ya cire tiyo daga bakin famfo ya sa a bokiti, muna ƙara ruwa ta sama. Ba mu da agogo, sai na rera waƙar dakan da Inna ke yi, a zuci. Bokiti ya cika waƙar ba ta ƙare ba. Muka mayar, muka cire can ƙarshen hanya bayan ruwan ya bi tiyo da lagireto. Na rera har na sake, bokiti bai kai rabi ba. Ruwan duk mun tare shi, ɗigo bai zuba ba.

To ba famfon ne ya mutu ba, a hanya ƙarfinsa ke ƙarewa. Na bi tiyon da ido. Ya fita ta taga, ya lanƙwasa, ya zagaya ginshiƙin rumfa, ya sake lanƙwasa, kafin ya kai bedi. A lanƙwasa ɗaya ma ya matse kamar an taka shi. Na ce a dawo da lagireton kusa. Ɗanlami ya ce a cikin ɗaki ba zai sha iska ba, ƙurar gari kuma za ta toshe shi. Na ce to a fasa bango a sa shi a ramin, fuskarsa waje.

Sai ya ce shi ma akwai abin da ya gano. Injin niƙa a hankali yake juyawa, ba kamar na mota ba, famfon bai samun gudun da ya saba. Faifan da bel ke hawa a kan famfon, in aka sa ƙarami, zai ƙara gudu. Yana da wani a shago.

Bangon nan, Baban Shatu ne ya gina shi da hannunsa. Na ɗan tsaya a kan wannan.

Asabar, 6 ga Afrilu

Ni da Sajo muka fasa. Shi da diga, ni ina kwashe ƙasa. Maƙwabta na leƙe ta katanga.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Tun hantsi har la'asar sakaliya inji bai tsaya ba.

Na yi ta zuwa ina taɓawa kamar mai jinyar yaro. Tiyon sama zafi, na ƙasa ɗumi, kan inji ana iya ɗora hannu a ɗauke ba gaggawa. Fanka na hura zafin waje, kaji sun gudu daga wurin. Da muka tashi, bayan ya huce, na buɗe murfi na ƙara ruwa. Buta ɗaya ba ta ƙare ba.

Na gama da kowa. Ba a taɓa yi ba tun da masarar nan ta zo, rumfa babu mai jira. Ɗanlami sai dariya yake, haƙoransa kaɗai ke fari a fuskar. Na aika wa Yaya Buba da direban Gidan Rumji cewa ɗan abin ya yi.

Alhamdu lillahi. In Baban Shatu ya ga ramin bangon nan ban san me zai ce ba.

Litinin, 8 ga Afrilu

Ban yi tunani ba. Wallahi ko sau ɗaya bai zo mini ba.

Da safe sai ga Dija, karon farko tun ƙunar, tana ɗingishi, jaki ɗauke da ruwa kamar kullum. Na fito da murnata ina gaya mata yanzu buta ɗaya ta isa. Ta ce madalla. Ta sake cewa madalla. Sannan ta tsaya tana gyara igiyar da ba ta kwance ba.

Sai a lokacin na gane. Garin da take kai wa bukkarsu da yamma, na ruwan nan ne. Wata guda ina fama in kashe aikin da suke ci da shi, har da ƙafarta a ciki, kuma mijinta ya taya ni fasa bango.

Na karɓi ruwan na juye a randa, na auna mata gari. Ta karɓa ba ta dube ni ba. Ta san na yau ne kawai.

Laraba, 10 ga Afrilu

Ba ta zo ba jiya, ba ta zo ba yau. In na aika mata da gari haka kawai ba za ta karɓa ba, na san ta.

Jumma'a, 12 ga Afrilu

Wata mata daga ƙauyen da ke bayan fadama ta iso da rana tsaka, masara a ka, goyo a baya, leɓɓanta sun tsage. Ta ce a garinsu akwai masu masara da yawa da ba za su iya tahowar ba, jiƙa ta suke su tafasa su ci haka, yara na ta zawo. Ina zuba mata ina tunani. Yanzu inji na gama aikin unguwa da sauran rana.

Da yamma na je bayan gari. Na ce wa Dija ina neman mai jaki da zai zagaya ƙauyukan kusa ya karɓo niƙa ya mayar da gari, kuma ina neman mai tsaya mini a bakin inji in ina tankaɗe. Na ce aiki ne mai wuya, in ba za su iya ba in nemi wasu. Ta dubi Sajo suka yi magana da Fulatanci. Sajo ya ce hanyoyin nan duk ya bi su da shanu, babu wadda bai sani ba.

Dija ta ce, “Amma ni ba na tsayawa kusa da tiyo.”

Muka yi dariya har Sajo.

Litinin, 15 ga Afrilu

Mai gari ya zo da kansa. Ya zagaya ya ga ramin bango, ya sa hannu gaban fanka, ya tambaya ina tano. Na nuna masa, yana gefe a kife. Ya ce to, Allah ya sa albarka. Da rana sai ga niƙa daga gidansa.

Asabar, 27 ga Afrilu

Famfon ya fara ɗigo ta ramin ƙasa. Na kwance shi da kaina na kai tasha, Ɗanlami ya canza robar ciki, na dawo na ɗaura. Bel ya yi sako-sako, na ja shi. Ba wanda ya nuna mini wannan, gani na yi.

Kullum da yamma sai na share ƙurar gari daga fuskar lagireto da tsintsiya mai laushi, in ba haka ba washegari ya fi zafi.

Alhamis, 23 ga Mayu

Azumi. Zafi ba a magana, amma inji lafiya lau. Jakin Sajo ya rame, muna ba shi dusa. Ƙafar Dija ta warke, tabon fari. Ta fara gane muryar inji, in masara ta yi masa yawa tun kafin in juyo ta rage.

Wani direba ya ce ya ga Audu, Baban Shatu, a Jibiya, yana dako a kasuwa, lafiyarsa lau, ya ce a gaya mana yana nan tafe bayan salla. Shatu ta yi ta tsalle. Ni ma na ji daɗi.

Lahadi, 23 ga Yuni

Ruwa ya sauka ran Jumma'a, na sosai, har rumfa ta yi yoyo. Jiya kowa ya fita shuka, wanda ke da iri da wanda ya samu a buro. Sajo ya roƙi gefen gonarmu, bai taɓa riƙe kalme ba, Yaya Buba ne zai nuna masa.

Yau da hantsi Baban Shatu ya shigo. Ya rame, ya yi baƙi, takalminsa ɗaya ɗaure da waya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya kawo wa Shatu ɗan kunne, ni turmin atamfa, ban san yadda ya yi ya same shi ba.

Bayan ya ci abinci ya shiga ɗakin inji. Ya daɗe gaban ramin bangon. Ya bi tiyo da hannu har zuwa famfo, ya tambaya wa ya zaɓo wannan. Na ce ni. Ya gyaɗa kai. Ya tambayi kwanonin, na faɗa masa. Sai ya fita ya zauna bayan ɗaki shi kaɗai, na bar shi.

Laraba, 3 ga Yuli

Gero ya tsiro, layi-layi, har na Sajo da ya karkace.

Baban Shatu na gona da safe, da rana ya zo ya zauna a rumfa. Ya ce hannunsa ya manta inji. Ban yarda ba.

Yau wani mutum ya zo daga Cadakori a kan babur, dattijo, shi ma injin niƙa gare shi. Labari ya kai masa. Ya yi sallama ya gaisa da Baban Shatu, ya ce shi mai injin yake nema, yana so a gaya masa irin famfon da zai saya. Ina ciki ina ji, gari har gira. Na jira in ji abin da za a ce masa.

Baban Shatu ya ɗaga murya ya ce, “Larai, ga baƙo wurinki.”

Na fito ina goge hannu a zane. Mutumin ya ɗan yi turus, sannan ya ce a faɗa masa sunan famfon kawai ya je Maradi. Na ce ba ni da sunan da zan ba shi. Na tambaye shi girman injinsa, da irin lagireton da ya samu, da inda zai kafa shi, da ko tiyon zai yi nisa. Rabin tambayoyin bai sani ba. Na ce to kar ya sayi komai tukuna, sai an ga wurin, ran Asabar zan zo in duba.

Sai da ƙarar babur ɗinsa ta ɓace na tuna ban juya na dubi Baban Shatu ba kafin in ce zan zo. Da na dube shi yana ɓare goro, ya miƙo mini rabi, ya ce motar Cadakori da wuri take tashi.

Ba wani abu ba ne, dubawa ce kawai in dawo. Na dai sa zare a jaka tun yanzu.